Ranar da Kaka Ya Kai wa Ɓauna Kanwa

Tun da ruwan ambaliyar nan ya shigo mana gari ya bi ta gidan zu ya yi abin da ya yi, bakina yake ƙaiƙayi in ba da labarin nan. Da farko kunya ce ta hana ni. Mutane na kukan gidajensu da shagunansu, wasu ma na kukan 'yan'uwansu, ni kuma in zo ina zancen jimina da kada? Sai na kama bakina. Amma kwanan baya jikata ta kawo min waya ta ce in kalli wani abu, wai gidan kifi ne a wani babban birni na ƙasar waje. Mutane suna tafiya cikin wani lungu na gilashi, ruwa a samansu, ruwa a gefensu, kifaye manya kamar ƙyauren ɗaki suna wucewa ta kan kawunansu. Wallahi na kalla na sake kalla har cajin ya ƙare. Na dame ta da tambaya, wannan me sunansa, wancan me yake ci, har ta ce Hajja don Allah ki bar ni in huta. A nan ne na tambaye ta ko tana tuna warin gidan zu namu. Ta ce wane wari? Shi ke nan na ce lallai sai na faɗa, kafin mu ma da muka sani mu wuce.

Ni dai ban yi nisa a boko ba, amma in zancen dabbobi ne ku bar ni. Duk abin da na sani a tsaye na koye shi, hannuna riƙe da ƙarfen keji, ina damun ma'aikatan wurin har su ce yarinyar nan ta sake dawowa. A wurinsu na ji jimina tsakuwa take haɗiyewa don ta niƙa mata abinci a ciki. Kada in ya wangale baki a rana ba hamma yake ba, zafi yake ragewa. Giwa kuwa tun kana nesa ta san a wane aljihu ka ɓoye gyaɗa. Kurar da ake ba mu tsoro da ita a tatsuniya, a keji abar tausayi ce, tana kai da kawowa kamar mijin mai naƙuda. Akwai wani ƙaton kunkuru da yara ke hawa, shi ko a jikinsa, yana ta tsinkar ciyawarsa. Shi kuma warin da nake faɗa, ba wari ba ne kawai. Kashin giwa ne da ruwan tafkin kada da ganyen dogon-yaro da aka tattaka, ga soyayyar gyaɗa, ga humrar matan gari, duk sun haɗu sun zama abu guda. Tun daga bakin ƙofa yake tarar mutum, in ka koma gida kuma ka ji shi a rigarka har kwana biyu.

Garin nan a wancan lokaci shiru gare shi. Babu janareta, babu keke mai ƙafa uku yana tsaga kunne, mota ma sai ka daɗe a bakin titi kafin wata ta wuce. Saboda haka muna can unguwar Fezzan amma da asuba muna jin zaki. Ba irin rurin nan da ake sa wa a fim ba, wani gurnani ne daga can ƙasa, yana yi yana yankewa, kamar ana jan turmi a kan daɓe. Mahaifiyarmu, da muke kira Ammi, sai ta ce mai gida ya tashi, ku ma ku tashi. Daga nan ladan, daga nan zakaru, daga nan taɓarya ta fara amsawa gida gida. Aikina na farko shara, don dogon-yaron tsakar gidanmu ba ya gajiya da zubar da 'ya'ya. In na gama in ɗebo ruwa, in taya surfe, in zauna ina tankaɗe garin burabusko har hannuna ya yi fari zuwa gwiwa. Kafin hantsi Ammi ta zuba garwashi a kasko ta bi ɗakuna da turaren wuta. Yaran yanzu ƙarar waya ke tashe su, su kuma kashe ta su koma barci. Mu wa ya isa ya kashe zaki?

Washegarin Sallah kuwa gari gaba ɗaya gidan zu yake nufa. Mata an sha lafaya da lalle, maza an kafa hula, yara kowa da sabon takalmi yana matse masa ƙafa amma ba zai cire ba. Ana zuwa da tabarma da abinci a langa, a baje a inuwa a wuni. Wanda bai je ba, in an koma makarantar allo ba shi da bakin magana.

Mu asalinmu mutanen shanu ne. A gida Larabcin Shuwa muke yi, da maƙwabta Kanuri, a kasuwa Hausa. Baba shi ya fara shigowa gari tun yana saurayi ya zama dillali a kasuwar shanu, amma mahaifinsa, wato Kaka, ya ce shi da bango ba su haɗa hanya ba, ya ci gaba da bin garkensa can gaba da ƙauyen Dusuman zuwa wajen tafki. Sai aka yi wata shekara mai fari, ciwon shanu kuma ya biyo baya. Garken da ya gada tun daga kakanninsa, wanda ya san kowace saniya da sunanta da na uwarta, ya ƙare a gaban idonsa. Baba ya je ya ɗauko shi. Abin da ya shigo gidanmu da shi sandarsa ce da wata 'yar jakar fata da yake ratayawa a wuya, mai ɗauke da gutsuren kanwa irin wadda ake ba shanu su lasa. Aka shimfiɗa masa buzu a ɗakin zaure, ya zauna.

To zaman nan shi ne abin da ya tayar mana da hankali, don Kaka ya daina cin abinci. Ba wai ya rantse ba ne ko yana fushi da wani. In an kai masa zai ce Allah ya yi albarka, ya taɓa loma ɗaya ya rufe. Ammi babu abin da ba ta girka ba. An sayo masa nono a bakin kasuwa, ya shinshina ya ce bai san saniyar ba, ya ajiye. An yi masa rubutu ya sha. An kai shi asibiti, likita ya dudduba ya ce bai ga ciwo ba, a dai lallaɓa shi ya ci. Baba ya roƙe shi ya riƙa binsa kasuwar shanu ko zai ga abin da ya saba gani, ya ce ba zai iya tsayawa yana kallo ana dukan shanu ana cusa su a mota ba. Mutumin da aka ce yana wuni yana tafiya bai nemi inuwa ba, sai ga shi daga buzu zuwa bakin ƙofa sai ya dafa bango. Wuyansa ya zama kamar na tulu. Wata rana ina tankaɗe na ji Baba yana ce wa Ammi ƙasa ƙasa, in tsohon nan ya ci gaba a haka ba zai ga damina ba. Ammi ta dai ci gaba da juya miya.

Ni kaɗai yake ɗan sakar wa fuska, saboda wasan jika da kaka. Yana ce min amarya, ina ce masa tsohon miji. In na kai masa abinci sai in ce in bai ci ba zan tafi gidanmu, ba zan zauna da mijin da iska za ta ɗauka ba. Ya ce in tafi mana, wa zai kwashe ni da wannan goshi. Wata safiya wajen ƙarshen azumi, ina share bakin zaure, ya yafuto ni. Ya duba hagu da dama, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Amarya, ke ma kina jin zaki da asuba, ko ni kaɗai ne?"

Ashe tun zuwansa yake jin gurnanin nan, ya kasa gaya wa kowa. Ya ɗauka hankalinsa ne ya fara tafiya, ko kuwa daji ne yake kiransa ya zo ya mutu. Don ina zaki ina tsakiyar gari? Na yi dariya har na yar da tsintsiya. Na ce zaki ne na gaske, yana gidan zu, da shi da giwa da jimina da barewa da komai. Ya ce na wane ne? Na ce na gwamnati. Ya shafa gemu, ya ce gwamnati ma kiwo take? Wa yake kai mata su daji? Ina suke shan ruwa? Rabon da in ji tambaya uku a jere daga bakinsa har na manta. Na ruga na gaya wa Baba, shi kuma ya ce in Allah ya kai mu Sallah, ko a kafaɗa ne sai an kai shi.

Ba a kafaɗa aka kai shi ba, wani abokin Baba ne ya ba da aron a-kori-kura. Aka sa wa Kaka sabuwar riga fara wadda ta yi masa yawa, aka naɗa masa rawani, muka hau baya mu da tabarmi da langar sinasir da miyar kuɓewa da nama. A bakin ƙofa ya fara ba mu dariya. Ya ce ba a shiga garken mutum ba a gaida mai shi ba, sai ya tsaya gaban mai yankan tikiti ya riƙe masa hannu, ya tambayi lafiyar gida, lafiyar dabbobi, ya ruwa, ya ciyawa, ko an sami ƙaruwa bana. Mutumin yana ta amsawa da Kanuri, kalewa, kalewa, wato lafiya, layi kuma ya taru a bayanmu ana ƙunshe dariya. Da muka shiga, duk kejin da muka tsaya sai ya ce tubarkalla kafin ya ɗaga ido. A wurin jiminu na miƙa yatsa zan ƙirga, ya buge min hannu ya ce ba a ƙirga dabbar wani, haka ake sa musu ido. Yana tafe yana dafa ni, muna yi muna hutawa.

Sai muka zo wurin zaki, wanda dominsa aka zo. Yana kwance a kan siminti, ƙudaje na bin idonsa, yara na yi masa ihu suna jifansa da ɓawon gyaɗa, shi ko kunne bai kaɗa ba. Kaka ya dube shi sau ɗaya, ya juya baya. Ya ce mu tafi, ba a tsayawa kallon namiji ranar da ya faɗi. Daga nan bai sake cewa tubarkalla ba, nauyinsa kuma ya ƙaru a kafaɗata. Na ga Baba ya dubi Ammi, na gane yana ganin kamar mun zo gyara mun ƙara ɓatawa. Aka nemi inuwa can wajen ƙarshe inda babu cunkoso, aka shimfiɗa tabarma. Baba ya ce zai je ya yi azahar ya sayo mana ardeb mai sanyi, wato jiƙon tsamiya. Ammi ta juya tana buɗe langa. Kaka ya ƙi zama, ya jingina da wani shinge da ke kusa, ni ina gefensa.

Shingen nan ba keji ba ne irin na zaki. Fili ne babba aka kewaye da bututun ƙarfe masu kauri a kwance, tsakaninsu da tazara. A ciki, ƙarƙashin wata bishiya, ga wata baƙar dabba a tsaye, ƙahonta ya haɗe a goshi kamar an kifa mata ƙwarya. Tana lasar ƙasa, ta ɗago, ta koma ta lasa. Na ji hannun Kaka ya yi ƙarfi a kafaɗata. Na ce masa ɓauna ce, ma'aikata sun ce ta fi zaki mugunta. Ya ce ya san ɓauna, ba yau aka haife shi ba, amma waccan ɓaunar daji ce. Wannan kuwa a shinge take kwana, daga hannun mutum take ci, kuma a wurinsu makiyaya duk abin da ya kwana a shinge ya ci daga hannun mutum ya zama na gida. Ya ce in duba yadda take lasar ƙasa, in duba gashinta yadda ya dushe, kanwa take nema ba ta da bakin faɗa. Ya ce makiyayi in ya ga haka ya wuce, ko dabbar ta maƙiyinsa ce, Allah zai tambaye shi.

Ni na ɗauka magana ce kawai irin ta tsofaffi. Na juya ina kallon wasu birai da ke faɗa a can gefe. Da na waiwayo sai na ga sandarsa jingine da ƙarfe, shi kuma yana ciki. Ramar da ya yi ita ta ba shi hanya, ya ratsa tsakanin bututun nan kamar zare a allura. Yana tafiya a hankali, hannunsa a miƙe da gutsuren kanwa, sai kuma ya buɗe baki ya yi kiran da yake yi wa shanunsa. Ban taɓa ji ba sai ranar. Rabinsa waƙa ne rabinsa fito, yana hawa yana sauka, muryar kuma ba ta mutumin da nake kai wa abinci a zaure ba ce. Ammi ta saki murfin langa.

Ɓaunar ta ɗago kai. Ta miƙa hanci sama tana kallonsa ta ƙasan ƙahon nan, ta yi tsaye cik. Shi kuma ya ƙara taku yana yi mata magana da Larabci, irin lallashin da ake yi wa karsana mai tsoro. Ta huro iska ta hanci, ta kafta ƙasa da kofato. Mutane suka fara taruwa, wata mata tana ta salati. Sai ga wani ma'aikaci, gajeren mutum ɗan Kanuri mai zane a fuska, ya taho a guje da bokitin ƙarfe a hannu. Bai yi ihu ba. Ya tsaya can ɗaya gefen shingen ya ce da Hausarsa mai nauyi, baba tsoho ka tsaya, kada ka ƙara taku, ka koma da baya sannu sannu. Kaka ya waiwayo zai ba shi amsa. Waiwayen nan da ya yi, sai ta sunkuyar da kai ta taho.

Ma'aikacin ya shiga buga bokitin nan a jikin ƙarfe da duk ƙarfinsa. Ƙarar ta sa ta ɗan karkata, ta yi kamar za ta nufi can, sannan ta dawo kan hanyarta. Wannan 'yar karkatar ita Allah ya yi amfani da ita. Jama'a, ni da idona na ga tsohon da ba ya kai bakin ƙofa sai ya dafa bango ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Rawani ya warware yana binsa a baya, takalmi ɗaya ya yi sama. Ya iso shingen ya zuro kai da kafaɗa, ni da wani bawan Allah muka kama hannuwansa muka fizgo, muka zube gaba ɗaya a ƙasa. Ɓaunar ta daki ƙarfen nan, sai da na ji shi a haƙorana. Ƙahonta ya tafi da bayan sabuwar rigar Sallah tun daga kafaɗa har ƙasa.

Kaka yana zaune a ƙasa yana haki, ƙirjinsa na hawa da sauka, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ammi tana tsaye ta toshe baki da gefen lafayarta. Ma'aikacin ya zagayo, ya duba shi sama da ƙasa, ko ƙwarzane babu. Sai ya fara faɗa, rabi Kanuri rabi Hausa, yana cewa shi da yake ba ta abinci kullum bai taɓa shiga tana sake ba, wannan tsoho so yake ya ja masa kora, ina 'ya'yansa, wa ya kawo shi. Wani dattijo a cikin 'yan kallo ya girgiza kai ya ce sabo turken wawa. Kaka bai ji ko ɗaya ba, idonsa na cikin shinge. Ɓaunar ta yarfar da tsumman rigar, ta zagaya, ta je daidai inda kanwar ta faɗi. Ta shinshina. Ta sa harshe ta lasa, ta ƙara lasa, har ta lumshe ido.

Sai na ji wani abu kamar tari daga ƙirjin Kaka. Na ɗauka numfashinsa ne zai ɗauke, ashe dariya ce. Ta fara a hankali, ta zo ta fi ƙarfinsa har hawaye na bin gemunsa. Ya nuna ta da yatsa ya dube ni.

"Kin gani ko, amarya? Kanwar take so. Ni ne ba ta so."

Na ce ai ta fi ni wayo, ta ga tsohon miji ta kore shi. Ya ce wanda ya yi tarbiyyar saniyar nan bai iya ba, da a hannunsa ta tashi da ba ta yi wa baƙo haka ba. Mutane suka fashe da dariya, har ma'aikacin ya kasa riƙe fuskarsa. Muka kama shi muka kai kan tabarma. Ya zauna yana share ido da guntun rawani, ya daɗe yana sauke numfashi, sannan ya juya wajen langar da Ammi ta bari a buɗe. Ya ce wannan ƙamshin na mene ne? Na ce sinasir ne da miyar kuɓewa. Ya ce to me ake jira, mutum ya yi gudu irin wannan a bar shi da yunwa?

Ku da ba ku zauna da surukai irin na da ba, ba za ku gane abin da Ammi ta yi ba. Tsakaninta da Kaka akwai kunya, ba ta kallon idonsa, ba ta zama inda yake ci. Ta zuba sinasir ta malala miya ta ɗora nama, ta miƙo min in ajiye masa, ta koma ta juya mana baya tana fuskantar bishiya. Amma ina ganin kafaɗunta suna motsi. Kaka ya wanke hannu ya yi bisimilla. Ya kai loma ta farko. Ta biyu, ta uku, na riƙe numfashina kada in yi motsi ya tuna ya rufe kwanon. Bai rufe ba. Ya cinye ya suɗe yatsa, ya turo min kwanon ya ce in gaya wa uwar gidan nan gishiri ya yi daidai, in da saura a ƙaro. Ammi ta miƙo hannu ta baya ta karɓa, ba ta juyo ba.

Ana cikin kwano na biyu Baba ya dawo da kwalaben ardeb a hannu. Tun daga nesa ya ga taro a wurinmu ya ƙara sauri. Ma'aikacin ya tare shi ya zayyana masa komai, ya nuna masa ƙarfen da ya lotsa, ya nuna masa tsumman rigar da takalmi ɗaya a can cikin fili. Na ga fuskar Baba ta canza. Mutumin ya ce shi ba zai kai ƙara ba tunda Allah ya tsare, amma lallai Baba ya yi wa tsohonsa magana mai ƙarfi, yanzu a gabansa, don kada gobe ya sake. Baba ya ba shi haƙuri ya yi masa godiya, ya ce gaskiyarsa ce, dole a yi magana. Ya tako zuwa bakin tabarma ya buɗe baki. Sai ya ga mahaifinsa, baya a waje, miya har gwiwar hannu, yana fama da wani ƙashi. Kaka ya ɗago ya ce masa tsamiyar nan ta sha ce ko ta riƙo ce? Baba ya durƙusa ya buɗe kwalba ya ba shi da hannu biyu, ya tsaya yana kallon maƙogwaronsa na hawa da sauka. Sannan ya juya wajen ma'aikacin.

"Zan yi masa maganar," in ji shi. "Bari dai ya ƙoshi."

Kaka ya ga daminar nan, ya ga wasu da yawa bayanta. Baba ya sama masa ɗan fili a Dusuman ya ɗaure masa bijimai na turke yana kiwatawa, kullum yana ƙorafin ba su da hankali kamar nasa na da. Shi ya sa wa ɗana na fari albarka, ya tauna dabino ya sa masa a baki. Har ranar da muka rufe shi ina sauraro in ji ko Baba zai yi masa maganar nan. Bai yi ba.